RAM ɗin DDR3 yana da sauran amfani, ko in haƙura in koma sabo?

Mai Kafen Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon buga takardu a Samaru, ɗalibai ne akasarin masu zuwa wajena. Kwamfutocina biyar ne, Dell OptiPlex 9020 'yan gwanjo, Core i5-4570, kowacce da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gig 4, samfurin DDR3. Shekara shida muna tare, su suka biya min kuɗin makarantar yara. Amma yanzu idan yaro ya buɗe shafi bakwai a Chrome, ga Word, ga CorelDraw, sai ta tsaya cak, kibiyar linzami tana juyawa, mai aiki yana tsaye a kanka yana duban agogo. Jiya wata ɗaliba ta kwashe takardunta ta tafi shagon gaba, har yanzu abin yana raina.

Ƙanena ya ce DDR3 ya zama tarihi, in sayar da su duka in ɗauko masu DDR5 ko da guda biyu ne. Ni kuwa na buɗe ɗaya na ga ramukan RAM huɗu, uku babu komai. In cike su, ko asarar kuɗi ce?

Injiniya Kano:
Wa alaikumus salam. Alhaji, cike su. Matsalarka ƙarancin RAM ce, tsufansa bai yi maka komai ba. Gig 4 ko na DDR5 ne haka za ta riƙa yi maka, domin da zarar ya cika, Windows sai ta koma tana aron wuri a faifan ajiya, shi kuwa faifan nan mai juyawa tafiyar hawainiya yake yi. Wannan tsayawar da kake gani ke nan.

Gaskiya ne akwai tazara. DDR3 ya fito a 2007, naka yana gudu 1600. DDR4 ya zo a 2014, daga 2133 zuwa 3200. DDR5 ya shiga kasuwa a ƙarshen 2021, ya faro daga 4800. Amma a buga takarda da cike fom ba za ka ji wannan bambancin a hannunka ba. Mai haɗa bidiyo da mai manyan wasanni su ke jin sa.

Ka sa kowacce ta kai gig 8, wadda ake CorelDraw a kanta 16. Ka riƙa sa su biyu-biyu iri ɗaya, a ramukan da maɗaurinsu yake launi ɗaya, don su yi aiki ta hanya biyu a lokaci guda. Sannan ka sa SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi faifan nan sauri, ko na gig 256 ne. Wallahi ranar da ka kunna ta sai ka ɗauka wata aka sauya maka.

Kuma ka sani ba a saka DDR4 ko DDR5 a madabod ɗin DDR3, wato babban farantin da ake jona komai a kansa a cikin kwamfuta. Tsagar da ke ƙasan sandar RAM ɗin ba wuri ɗaya take ba, ƙafafun ma 240 ne da 288. Sauya RAM zuwa sabon zamani yana nufin sauya madabod da furosesa gaba ɗaya.

Malamar Kwamfuta:
Injiniya, ban ƙi taka ba, amma ka bar babban abu. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na kowa da kowa, wato gyaran tsaron da take aikowa, Windows 11 kuma a hukumance daga furosesan Intel zubi na 8 take karɓa. Na Alhaji zubi na 4 ne. Shago ne da kowa ke zuwa da filashinsa, ana shigar da lambar NIN da bayanan banki. Ni wannan ya fi damuna a kan gudu. A makarantarmu mun mayar da tsofaffin kan Linux Mint a madadin Windows, suna aiki lafiya, sai dai CorelDraw ba ya hawa kansa kai tsaye. Don haka Yaya, ka gyara su, amma kada ka ƙara sayen wata mai DDR3. Duk wadda za ka ƙaro, nemi zubi na 8 zuwa sama, mai DDR4.

Ɗan Maraɗi:
Ni gargaɗi ɗaya zan ƙara, don na ƙone a kansa. Na sayi DDR3 na laftof a hannun wani mai teburi, na dawo gida na saka, allo ya ƙi kawo komai. Ashe tawa DDR3L take so, mai bolt 1.35, shi kuma ya ba ni mai 1.5. Ka karanta takardar da ke manne a jikin sandar: PC3L daban, PC3 daban. Kuma akwai RAM na saba (server), wato manyan kwamfutocin kamfanoni, wanda za ka ga harafin R bayan lambar, kamar 12800R. Yana da arha, amma ba zai tashi a taka ba. Nemi mai U. Ka ɗauki kwamfuta ɗaya ka je da ita, a gwada a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.

Injiniya Kano:
Malama ta faɗi gaskiya, na karɓa. Ƙarin dalilin da ya sa ban tura shi DDR5 ba shi ne farashi. Tun ƙarshen 2025 sabon RAM ya yi tashin gwauron zabo, saboda masu ƙera shi, Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga kamfanonin AI (ƙirƙirarriyar basira). Ba lokacin da mai ƙaramin shago zai sayar da biyar ya sayi biyu ba ne.

Mai Kafen Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar zan ɗauki ta kusa da ƙofa in je da ita, in fara da sanduna biyu na gig 8 da SSD ɗaya. Wanda na cire daga cikinta sai in ƙara wa ta kusa da ita. Malama, don Allah idan na sa Linux ɗin a guda biyu na cike fom, firintata za ta yi aiki da su? HP LaserJet ce.