Iyaye mata masu aiki, ƙarfe nawa kuke tashi? Ina neman shawara

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. An mayar da ni reshenmu na cikin gari, daga wata mai kamawa dole in sa hannu kafin takwas. A Hotoro nake, yara uku: babban yana aji biyu, mai bi masa tana nazare, ƙaramin wata tara, yana tashi shan nono cikin dare. Maigidan yana Legas, sai ƙarshen wata yake zuwa. Yanzu in na yi asuba komawa nake in ɗan rintsa. Shin in saba wa kaina tashi ƙarfe huɗu in yi komai da hannuna, ko in ɗauki 'yar aiki mai zuwa da safe? Wadda ta gwada ta faɗa min gaskiya.

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, don haka ki daure. Ki ce maigida ya riƙa yi wa yaran wanka in ya dawo masallaci.

Maman Hanif: Malam, na ce yana Legas.

Ummu Nana: 'Yar uwa, aikin safe tun dare ake rage shi. Ana isha'i yara su kwanta. Ki goge yunifom, in babu wuta ki hura dutsen gawayi, kada ki ce sai an kawo. Ruwan wanka ki dafa ki zuba a babban filas, musamman yanzu da hunturu ya shigo. Kada ki tashi huɗu rana ɗaya, ki riƙa ja da ƙararrawar baya da minti goma sha biyar duk bayan kwana biyu uku. Wayar kuma ki ajiye ta nesa da gado.

Uwar Biyar: Hmm. Ni dai kada ki fara. Tun kafin kiran sallar farko nake tashi lokacin muna gidan gandu. In hura gawayi, in dama wa surukata kunu, in ɗumama tuwo, in yi wa yara wanka ɗaya bayan ɗaya suna kuka don sanyi, in goya ƙarami in fita neman adaidaita. Wata rana barci ya ɗauke ni a cikin adaidaitan da yaro a cinya, sai da muka wuce inda zan sauka da nisa wata mata ta taɓa ni. Ciwon kai ya sa ni gaba, aka auna aka ce hawan jini. Da na gaya wa maigidan cewa ya yi wace mace ce ba ta yi. Ƙarshe ma cewa ya yi kullum ya shigo ya tarar ina barci, ba ni da lokacinsa, ya je ya ƙaro aure. Amaryar sai tara take fitowa daga ɗaki, ba wanda ya taɓa ce mata uffan. Har yau ni nake sayen maganina.

Hajiya Ladi: Innalillahi. Allah Ya saka miki, Yaya. Mazan nan sai addu'a.

Baban Amal: Ba duka ba dai. Ni nake kai nawa makaranta.

Uwar Biyar: Kai su kake yi. Wa ya shirya su?

Maman Twins: Ki ɗauki 'yar aiki kawai. Tawa dubu 15 nake ba ta, tana zuwa shida da rabi.

Zee_Kaduna: Dubu 15 a wace shekarar? Ƙasa da 30 ba wadda za ta fito miki da sanyin safiya, ga kuɗin mota, ga na wadda ta kawo ta.

Maman Twins: 'Yar maƙwabta ce, da ƙafa take zuwa.

Zee_Kaduna: To ai sai ki faɗa. Kuma yarinya ce ko? Ita yaushe take zuwa makaranta?

Sista Rabi: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. In za ki tashi huɗu, sai ki kwanta tara, kuma mai shayarwa barcinta a yanke yake. Biyar saura kwata ta ishe ki in kin rage aiki da dare. In da hali ki yi ƙailula ko ta minti ashirin.

Dattijo55: Iyayenmu da asuba suke surfe da daka, ba wanda ya ƙirga musu awa.

Sista Rabi: Baba, su ana isha'i gari ya yi tsit, ba waya, ba aikin gida na makaranta, ga kishiyoyi da facaloli ana kama wa juna.

Gwauron Fagge: Anti ki sayi zakara, ba ruwansa da caji.

Maman Twins: Kai da ko kaza ba ka ajiye ba, me ya kawo ka zancen masu iyali?

Gwauron Fagge: Karatu nake ɗauka, Hajiya.

Hajiya Ladi: Ni laifin makarantun nan nake gani. Motar makarantar su Ilham shida da kwata take tsayawa a ƙofa, gari bai gama wayewa ba, yarinya 'yar shekara huɗu tana gyangyaɗi da burodi a hannu. In kin kai da kanki kin wuce bakwai da rabi a rufe get, wai sai kin biya kuɗin makara.

Baban Amal: Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motar nan bai daina hawa ba. Namu ya kusa kamo kuɗin makarantar.

Maman Hanif: Na gode duka. Amma wadda ke da mai shan nono kuma take fita aiki, ya take yi?

Zee_Kaduna: Baban Amal, nawa suke karɓa a wajenku? Mu an ce zango mai zuwa za a sake ƙarawa, kuma yara goma sha ake cusawa a motar da kujerunta ba su kai haka ba.