Taƙaitawar muhawararmu kan Koci Mike Krzyzewski na jami'ar Duke da ke Amurka

Jama'a, ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu kan darasin da masu horar da ƙwallon kwando za su ɗauka daga aikinsa.

1. Kusan kowa ya yarda haƙurin Duke ne ya gina shi. Ya kama aiki a 1980, a kakarsa ta biyu da ta uku rashin nasara ya rinjayi nasara, magoya baya suna ta neman a sallame shi. Kofin NCAA (gasar jami'o'in Amurka) na farko bai zo ba sai 1991, daga baya suka zama 5. Shawarar ita ce a ba koci lokaci ya tara yaransa.

2. Da yawa sun jaddada tarbiyyar da ya samu a makarantar sojoji ta West Point, inda ya yi wasa a hannun Koci Bob Knight.

3. Ra'ayi ya rabu kan ɗaukar yaran da ke yin shekara ɗaya a jami'a su wuce NBA, wato gasar ƙwararru. Wasu sun kafa hujja da kofin 2015 da Duke ta ci da irin waɗannan yaran. Wasu kuwa sun ce karatun yaran ne ke shan wahala, kuma gaskiya damuwarsu ta taɓa ni.

4. An yaba yadda ya shirya magaji, tsohon ɗan wasansa Jon Scheyer, kafin ya yi ritaya a 2022.