Me ya sa mai makoki ke ci gaba da neman wanda ya rasu?

Malamar jinya: Ku da kuke aiki da masu makoki, mu haɗa abin da muke gani. A makonnin farko, mace takan ji kamar sallamar maigidanta a zaure, ko ta zuba masa tuwo kafin ta tuna. Dangi su tsorata, su ce aljanu ne ko taɓin hankali. Mafi yawanci ba ko ɗaya.

Malamin halayyar ɗan Adam: Haka ne, Hajiya. John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, ya danganta wannan da kukan jariri. Yaron da ke tsala ihu yana neman uwa da zarar ta ɓace masa ya fi tsira, sai ɗabi'ar ta bi jini. Galibin rabuwa ta ɗan lokaci ce, nema yakan biya. Mutuwa ce ba a samun abin da ake nema, ƙwaƙwalwa kuwa sai a hankali take koyon hakan.

Likitan dabbobi: A raba saniya da ɗan maraƙinta, za ta yi kwanaki tana kuka, ta rage kiwo. A dajin Gombe na Tanzaniya, a 1972, Jane Goodall, mai nazarin birai, ta ga wani ƙaramin biri, Flint, ya daina cin abinci bayan mutuwar uwarsa, bai cika wata ba ya bi ta.

Likitan zuciya: Don Allah, in mai makoki ya ce ƙirjinsa na ciwo ko numfashi na sarƙewa, kada a tsaya ba shi haƙuri, a kai shi asibiti. Akwai ciwon takotsubo, wanda kaɗuwa ke raunana tsokar zuciya, ya fi kama matan da suka manyanta. Sannan masu hawan jini da ciwon suga sukan manta magani a zaman makoki. A ɗora wa mutum ɗaya tunatar da su, da ba su ruwa da abinci.

Malamar jinya: Likita, ƙara da wannan: bayan sadakar arba'in gida kan watse, mai takaba kuwa da sauran kusan wata uku. A raba kwanakin ziyara tsakanin dangi. In an haura wata 6 kewar ba ta sassauta ba, har ta hana mutum aiki da shiga jama'a, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa wannan hali cikin larurorin da ake yi wa magani. In mai makoki ya fara zancen bin mamacin, ranar za a kai shi asibiti, ba a jira.