Giranit ɗin Jos da na Himalaya

Mai tambaya: Jama'a, an zalunce ni a jarrabawa. Na rubuta cewa giranit, wato dutsen nan mai tauri da ke fitowa daga narkakken dutse da ya daskare a cikin ƙasa, yana samuwa ne inda nahiyoyi biyu suka yi karo, ɓawon ƙasa ya yi kauri har duwatsun ciki suka narke, kamar yadda ya faru a Himalaya bayan Indiya ta haɗu da Asiya. Na ce tsaunukan Jos ma haka suka samu, amma malami ya soke amsar baki ɗaya.

Tsohon ma'aikacin kuza: Ɗana, malaminka bai zalunce ka ba. Giranit ɗin Himalaya daga narkewar tsofaffin duwatsun laka ya fito, shi ya sa yake da fari da yawan alminiyam. Na Jos kuwa ya kutso ne kimanin shekara miliyan 160 da suka wuce, a tsakiyar nahiya, ba tare da wani karo ba, kuma shi ne ya kawo mana kuza da ma'adinin kolumbait.

Bakano: Baba, tun farko wa ya ce a Jos akwai tsaunuka? Tudu ne mai faɗi kawai.

Ɗan Jos: Malam, dutsen Shere ya haura mita 1,800. Ka nuna mana kwatankwacinsa a Kano kafin ka raina shi.

Bakano: Ga Riruwai nan, dangin duwatsunku ne, an kuma daɗe ana haƙar kuza a can, amma ba mu cika wa kowa baki ba.

Ba'abzine: Ku duka ku yi haƙuri, domin tsauni na gaske yana Abzin, inda Bagzan ya wuce mita 2,000. Giranit ɗinmu ya haura shekara miliyan 400, kuma irin waɗannan duwatsu suna raguwa a shekaru ne idan aka gangara kudu, saboda haka Jos ƙane ne.

Bazazzagi: Kun bar yaron nan da tambayarsa. Kufena ta Zariya tana cikin tsohon giranit na kimanin shekara miliyan 600, wanda karon nahiyoyi ya haifar, don haka rabin amsarsa daidai ne.

Ɗan Jos: Kufena ai ko rabin Shere ba ta kai ba a idon mai kallo.

Shugaban zaure, daga Bukuru: Abin da na fahimta shi ne an tabbatar Jos tana da tsaunuka, kuma kuzarta ta fi ta kowa suna. Kai kuma ɗalibi, ka koma wajen malaminka da ladabi.