Ƙugi daga bayan mota: boris ne ko taya?

Ɗan Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu sanin mota don Allah ku taimaka min. Corolla ce gare ni ƙirar 2005, da ita nake zirga-zirga tsakanin Kano da Wudil. Tun ƙarshen damina ta fara wani ƙugi daga baya, wuuu, kamar injin markaɗe a gidan maƙwabta. A cikin gari ba na jin sa sosai, sai na wuce Mariri gudu ya kai 60 sannan ya taso, ina ƙara wuta yana ƙaruwa. Amma in mota na tsaye, ko na taka totur shiru kake ji. Bakanikena ya ce boris ne, wato ƙarfen nan mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, mai faci ya rantse taya ce. Hankalina bai kwanta ba, don da yara nake bin hanyar nan.

Direban Haɗeja:
Wa alaikumus salam Malam. Tunda a tsaye ba ta yi, ka cire inji da salansa da famfon mai daga lissafi. Shi famfon mai a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma in inji na aiki, ko mota na tsaye yana aiki. Ka fita da sassafe inda titi ba kowa, ka riƙe gudu 50 zuwa 60, ka ɗan karkata sitiyari hagu, sannan dama, a hankali fa. In ka yi hagu nauyin mota dama yake komawa. To idan a nan ƙugin ya ƙaru, galibi boris ɗin dama ne.

Mai Hilux:
A duba man aksil na baya. Tawa haka ta yi.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Alhaji Mai Hilux, taka da baya take ja, Corolla kuwa da gaba, ba ta da wannan man. Shi kuma Ɗan Hotoro, kada ka raina maganar mai faci. Shafa tafin hannunka a kan tayoyin baya. In ka ji tudu da kwari a jere, ta ci ba daidai ba, sau da yawa shoka ce ta mutu, kuma kukanta sak na boris. Bambancin: kukan taya yana sauyawa daga tsohuwar kwalta zuwa sabuwa, boris ba ruwansa da kwalta. Mayar da tayoyin baya gaba ka ji ko ƙugin ya bi su.

In bai bi su ba, a ɗaga ƙafar da jak, a saki birkin hannu bayan an tokare tayoyin gaba. Wani ya juya tayar da ƙarfi, kai ka dafa sifirin. Lalataccen boris za ka ji gurzarsa har cikin yatsunka, ko da tayar ba ta girgiza. Boris ɗin wannan motar haɗe yake da hob ɗinsa, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, noti huɗu ne, ba a zuba masa giris. Ka duba ko taka mai ABS ce, wato na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki, kafin ka saya, don ba iri ɗaya ba ne.

Ɗan Hotoro:
Allah ya saka da alheri. Mun sauya tayoyi, ƙugi na nan daram a baya. Da muka ɗaga, sifirin dama sai karkarwa yake a hannuna, na hagu lafiya lau. Oga, sabo zan nema ko na Beljiyam?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
In da hali sayi sabo mai kyau. In na Beljiyam ne, juya shi a hannunka kusa da kunne, ka ji ko ɗan ƙaras-ƙaras ka ajiye musu. Kuma kada ka hau hanyar Wudil da yara sai an sauya.