Wayarin jirgina ya tsaya min a wuya, ina neman shawara

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ina haɗa ƙaramin jirgi mai kujera biyu, gangar jikinsa katako, injinsa Rotax 912. Da yayana muka fara, shi ya san lantarki, ni aikin katako na iya, to aiki ya ɗauke shi ya bar ni da zanen da bai gama ba. Na riga na ja wayoyin fitilu a cikin fikafikai da wayar mota mai kauri, ina shirin rufe su da yadi. Yanzu ga rediyo da allon matuƙi da famfon mai, ban san ta ina zan fara ba. Fiyus zan sa ko bireka, wato makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa? Abin har barci yake hana ni.

Tsohon Makaniki: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka rufe fiffiken nan. Rigar wayar mota PVC ce, in ta ɗau zafi hayaƙinta guba ne, kuma a sama babu gefen titin da za ka tsaya. Zare ta ka sa wayar jirgin sama mai rigar Tefzel, samfurin M22759/16. Sannan ba ka faɗi jimillar wutar da kayanka ke ja ba. Janaretan cikin 912 wat 250 ne, wajen amfiya 18, kuma ba a ɗora masa fiye da kashi 80 cikin ɗari. Ka rubuta kowace na'ura da abin da take ci kafin ka yanka waya ko ɗaya.

Mai tambaya: Baba, na gode, amma fitilun LED ne, wutar da suke ja kaɗan ce. Me zai sa wayar ta yi zafi?

Ɗan Rediyo: Ni bireka na sa. Wanda ya yi min wayarin farko fiyus ya cusa a bayan allo inda hannu ba ya kaiwa, ya karɓi kuɗinsa, har yau rediyona ƙara yake yi in na tada inji. Ko kirana ba ya ɗauka.

Tsohon Makaniki: Ƙarar nan ba ruwan fiyus, wayoyin nagetif ɗinka, masu mayar da wuta batir, su ne a warwatse. Ɗana mai tambaya, kai ma ka ji: jikin katako ba ya mayar da wuta batir, dole kowace na'ura ta samu wayar dawowa, duka su haɗu a wuri guda. Fiyus kuwa wayar yake karewa, ba na'urar ba. Waya mai kaurin lamba 22 fiyus ɗinta amfiya 5, mai lamba 18 amfiya 10, yana nan a babi na 11 na littafin AC 43.13-1B na hukumar jiragen saman Amurka. In bireka ta yanke wuta kana sama ka mayar da ita, gobara kake gayyata. Kuma ka matse bakin waya da filayar matsi, dalma karyewa take yi da jijjiga.

Mai Gilaida: Da girmamawa Baba, nawa duk dalma ce kuma lafiya lau, in dai an tallafi wayar a bayan mahaɗin.

Mai tambaya: Dalma na iya, ita zan yi. Wayar fiffike kuma gaskiya ba zan zare ba, yayana ne ya zaɓe ta kuma ya san aikinsa. In na zura ta cikin bututu fa?

Tsohon Makaniki: Bututun na mene? Kuma ina lissafin amfiyar da na tambaye ka?