Hutu ya zo, me zan kunna wa yarana su kalla?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni gani. Yarana uku, Ilham shekara 9, ƙaninta 6, sai auta ɗan shekara 3. Ranar Juma'a za a ba su dogon hutu ni kuma ɗinki nake a gida, ba zan iya gadinsu tun safe har la'asar ba. Abin da ya ɗaga min hankali shekaranjiya ina kan keke na ji na tsakiyan yana ce wa yayarsa sai ya ɗau fansa ko da zai rasa ransa, da irin muryar masu fassara fim ɗin Indiya, har da buga ƙirji, ashe gidan maƙota suke shiga suna kallo. Abbansu ya ba ni dubu 45 ya ce in san yadda zan yi su zauna a gida. Na rasa, in sayi ƙaramin tab na hannu a tura musu katun a memori ne, ko in gyara dish ɗinmu da ya fi shekara a ajiye? Wutar unguwarmu ba ta wuce awa uku zuwa huɗu kuma galibi sai dare, ba ni da kuɗin sayen data kullum, wayata kuma ta kwastomomi ce ba zan ba su ba. Sannan wane irin fim ne yaro zai kalla ya ƙaru ba wai ya kashe lokaci kawai ba?

Abu Muhsin:
Wa'alaikumussalam. Ki sauke YouTube Kids a wayarki kawai ki ba su, akwai wajen saka shekarun yaro da lokacin da za ta rufe da kanta. Ni shi nake yi.

Ummu Sultan:
Omar & Hana, katun ɗin Malesiya. Wlh Sultan a nan ya haddace addu'ar cin abinci tun bai shiga islamiyya ba, yanzu in na kai loma ban yi bismillah ba shi ke tuna min. Da Turanci ne amma yara na ɗauka.

Maman Ilham:
Na gode, amma fa na ce ba data kuma wayar ba zan bayar ba. Ranar da na gwada ba su sai da suka goge min hoton samfurin wata amarya.

Malama Hajjo:
Maman Ilham ni firamare nake koyarwa, aji biyu, shekara goma sha ɗaya kenan. Yaranki uku ba abu ɗaya za su kalla ba, a nan mutane ke kuskure. Ɗan shekara shida da auta nemi Akili and Me, ita kuma Ilham Ubongo Kids, duka daga Tanzaniya suke kuma an juya su zuwa Hausa, na farkon ƙirga ne da haruffa, na biyun lissafi da kimiyya. Akwai kuma Dandalin Sesame da aka nuna a Arewa24, wanda Kami da Zobi mai son doya suke ciki, asalinsa Sesame Square ne da aka fara a Najeriya a 2011. Amma autanki ki rage masa sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allo. Wani abu da na gani da idona, na taɓa samun yaro a ajina yana ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci tsaf kamar rediyo, uwarsa har alfahari take wai a katun ya koya, na zube masa murafen kwalba a tebur na ce miƙo min bakwai, ya dumbuzo cikin hannu ya miƙo. Waƙar ya haddace, lissafin bai shiga ba. Don haka in sun gama kallo ko kina kan keke ki ce su ba ki labarin abin da suka gani, ki ce auta ya ƙirgo miki maɓalli biyar daga gwangwaninki.

Sani Mai Waya:
Hajiya dubu 45 ba za ta ba ki tab mai kyau ba yanzu, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano nake kwana nake tashi. Na yara masu robar nan sabo ka tashi 60 zuwa sama. Duk wanda ya ba ki ƙasa da haka batirin ne zai kumbura a wata biyu.

Maman Twins:
Haba Malam Sani. Ni watan jiya na sayi na hannu dubu 28 har da caja kuma lafiyarsa ƙalau.

Sani Mai Waya:
Ki dawo bayan sallah ki faɗa mana.

Baban Khalifa:
Ni gyaran dish dubu 12 na biya har da sabuwar wayar dish ɗin, tashoshin Larabawa kyauta ne ba kuɗin wata, MBC3 da Spacetoon katun dare da rana.

Maman Twins:
Dubu 12? Mu an ce mana 25 wai kan dish ɗin ne ya ƙone.

Uwar Marayu:
Maman Ilham dan girman Allah in za ki bi ta memori ki tsaya ki karanta nawa, na daɗe ban ba kowa labarin nan ba. Shekara biyu da suka wuce, lokacin mahaifinsu na da rai, irin tunaninki na yi. Na kai memori shagon masu tura fim a bakin layinmu na ce a cika min da katun na yara da ƙissoshin annabawa, na biya na karɓo, na buɗe biyu na farko na ga ɓera da kyanwa suna guje-guje sai na ce shi kenan na miƙa wa yaro. Ɗana a lokacin shekararsa 10. Na lura ya daina kallo a falo sai ya shige ƙarƙashin gidan sauro ya rage murya, na ce ai hankali ya fara yi ba ya son damun mutane, wlh har daɗi na ji. Bayan kamar sati uku aka aiko daga islamiyya wai in zo. Na tarar da malamai biyu zaune, tab ɗin a kan benci, ɗana a tsugune yana kallon ƙasa. Ashe cikin abin da aka tura akwai wani katun, zane ne kamar sauran amma na manya ne, ƙazanta tsantsa, kuma ya ɓoye tab ɗin a jakar allo ya kai yana nuna wa abokansa a bayan aji. Malamin bai ma iya nuna min ba, juya allon ya yi ya ce in duba da kaina a gida. Aka dakatar da shi wata guda, iyayen yara biyu suka hana 'ya'yansu kula shi, ɗaya har gida ta zo ta tsaya a soro tana faɗa min magana maƙota na ji. Na koma shagon, yaron da ke wajen ya ce shi gaba ɗaya yake kwasowa daga kwamfuta bai san me ke ciki ba, ya ce in kawo ya goge min kyauta. Kyauta! Marigayi bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar, ya ce ke da kike gida me kike yi. Har ya rasu maganar nan ba ta bar zuciyata ba. Yaron yanzu alhamdulillah ya nutsu amma sai da na canja masa makaranta.

Ummu Sultan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan maigidan, ya shirya mana zuri'a. Jikina har ya yi sanyi.

Maman Twins:
Subhanallah. Yau ɗin nan zan zauna in bi na yarana ɗaya bayan ɗaya. Uwar Marayu ba laifinki ba ne, wa zai kawo haka a ransa.

Baban Khalifa:
Shi ya sa na ce dish. Allo babba a tsakar falo kowa na gani.

Uwar Marayu:
Dish ɗin ma yaro na riƙe rimot ai, tasha nawa ce a ciki? Ni yanzu duk abin da ban kalla da idona daga farko har ƙarshe ba ba ya shiga gidana.

Abu Muhsin:
Ai aikin hukumar tace fina-finai ne wannan, tun 2001 aka kafa ta a Kano.

Sani Mai Waya:
Fim ɗin da aka kai gabansu shi za su tace. Wanda aka sauke daga intanet da tsakar dare aka tura wa mutum hamsin kafin azahar fa? Kuma ba duk masu turawa ne haka ba, akwai masu tsoron Allah, ni na san wanda ya ware na yara daban ba ya haɗawa.

Ɗan Autan Zaure:
Ni dai shawarata a haɗa su da Tom da Jerry, shekara sama da tamanin kyanwa na bin ɓera bai kama ba kuma bai fasa ba, in ba darasin haƙuri ba mene ne wannan 😂

Malama Hajjo:
Ɗan Auta ana maganar da ta sa mutum kuka kai kana wasa.

Ɗan Autan Zaure:
Afuwan Malama, na ga kowa ya yi jugum ne. Allah ya ba Uwar Marayu haƙuri. Amma da gaske nake, a bar yara su yi dariya ma, ba komai ne sai ya zama darasi ba, suna makarantar boko suna islamiyya suna hadda, hutun ma sai an bi su da lissafi?

Baban Khalifa:
Kai ka yi aure tukuna ka ajiye ko ɗaya sannan ka zo ka ba iyaye shawara.

Ɗan Autan Zaure:
Ƙannena shida ni na yi musu wanka na kai su makaranta Alhaji. Akwai uban da bai san ajin da ɗansa yake ba.

Maman Twins:
Gaskiya ya faɗa. Kuma da ku ke ta cewa dish, ku ne kuke gida da rana? Mu da muke wuni da su mu ya kamata a saurara.

Baban Khalifa:
To ai Malama ma da ta kawo Hukumar Lafiya ta Duniya, su can sun san gidan da yara uku ke ɗaki ɗaya? Ta yaya za a kunna wa babba a ce ƙarami ya rufe ido bayan awa ɗaya?

Malama Hajjo:
Ni ma uwa ce Alhaji, huɗu gare ni. In auta ya yi barcin rana sai manyan su kalla, ba wani abu ne mai wuya ba.

Hajiya Inna:
'Ya'yana ku yi haƙuri da tsohuwa, jikata ce ke rubuta min. Mu da muka yi renon namu talabijin sai ƙarfe huɗu na yamma take buɗewa, a kalli Samanja a yi dariya a kashe. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma, ga ta nan ga ta nanku, Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, yaro ya san ƙarshen makwaɗaici ba wanda ya sayi batir. Yarinyarki mai shekara tara ta isa ta zauna kusa da ke ta koyi saka maɓalli da kalmasa, wannan ma kallo ne.

Issoufou Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan dish ɗin kamfanin Canal muke sakawa, katun ɗin duk da Faransanci. Ɗiyata ta samu Faransanci sosai har malaminta na lakwal ya yaba, amma da muka je ƙauye wajen tsohuwata sai ta kasa gaishe ta yadda ya kamata, tsohuwa ta ce ina kwana ta tsaya tana kallona. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun daga nan na nemo masu na Hausa na haɗa.

Ummu Sultan:
Wlh irinsa ke damuna, Sultan sai ya ce min momi ai wan wota, kakarsa ta ce wai me yake cewa ne wannan bature.

Abu Muhsin:
To ai ci gaba ne, makarantar ma Turancin ake so. Kuɗi muke biya don su iya.

Maman Twins:
Kar ka tuna min. Makarantar su Hassana tarar naira 50 ake cin yaro in an ji ya yi Hausa a aji, har da wani ɗan aji da aka naɗa yana rubuta sunaye. Ranar nan Usaina ta dawo tana kuka an karɓe kuɗin abincinta na makaranta don ta ce wa 'yar uwarta ba ni ruwa. Yarinya 'yar shekara bakwai ta wuni ba ta ci komai ba saboda ta yi yaren uwarta.

Malama Hajjo:
Wannan ba daidai ba ne ko kaɗan. Yaron da ya fahimci abu da harshensa shi ke saurin ɗaukar na biyu, kullum ina gani a aji. Ki je ki samu shugaban makarantar.

Maman Twins:
Na je, ya ce iyaye ne ke buƙatar haka, in ya bari yara na Hausa sai a kwashe su a kai wata makarantar. Ga kuɗin zango sun ƙara, ga kuɗin lesin dole ko a hutu.

Baban Khalifa:
Mu tamu naira 100 ce tarar. Kuma lesin ɗin hutun nan dubu 8 kowane yaro suka ce.

Abu Muhsin:
Dubu 8 ai da sauƙi, mu 15 aka rubuto.

Maman Ilham:
Mu ma an rubuto na lesin ɗin, shi ya sa ma Abbansu ya ce gara su zauna a gida. Uwar Marayu na kasa barci jiya saboda labarinki. Malama dan Allah waɗannan na Hausar da kika faɗa, in na je gidan ƙanwata mai waifai zan iya sauke su da kaina a memori ba sai na kai shago ba? Kuma Maman Twins a wane layi kika sayi naki na dubu 28 ɗin, yana kai awa nawa in an cika caji?

Issoufou Damagaram:
Nan ma a lakwal ɗinmu da can in ka yi Hausa wani ƙashi ake rataya maka a wuya, sai ka ji wani ya yi sannan ka miƙa masa. Ashe har yanzu ba a bari ba.